DAGA BAKIN ALLO: Suna Ma Sai Da Makaɗi

A wannan wata za mu fara ne da tona wa kanmu asiri, domin malamin da ya saba jan jan biro a littafin yara ya kamata wata rana ya ja shi a nasa littafin.

Kwanakin baya muka ba 'yan ajinmu aikin insha'i, muka ce kowace yarinya ta rubuta shafi guda a kan mutumin da take so ta zama kamarsa. Abin da muka zata shi muka samu: likitoci, malamai, wata ta rubuta kakarta, biyu sun rubuta Nana Asma'u. Sai ga takardar wata yarinya daga cikin waɗanda yaƙi ya kawo mana Showak bayan faɗuwar Madani a watan Disamba na 2023. Ita ta rubuta ne a kan wata mata mai suna Anna, 'yar ƙasar Rasha, wai gwanar ƙwallon hannu, wai bahaguwa ce, wai gajera ce amma dogaye na tsoronta. Muka karanta, muka yi murmushi, muka ja layi a ƙarƙashin sunan muka rubuta mata cewa an ce a kawo mutumin gaske ne, ba na tatsuniya ba. Muka rage mata maki uku.

Washegari ta zo da wayar yayanta a ƙunshe cikin gyale. Ta tsaya a bakin ofis har muka gama shan shayi, sa'an nan ta ce, "Malam, don Allah ka duba." Muka duba. Gani ya kori ji.

Sunan matar a rubuce Anna Vyakhireva, a bakinmu kuwa sai dai mu ce Biyahireba mu wuce. An haife ta a 1995 a birnin Bolgogirad da ke bakin kogin Bolga, wato garin da dattawanmu masu sauraren rediyo suka sani da sunan Sitalingirad. 'Yar gado ce: mahaifinta mai koyar da ƙwallon hannu ne, yayarta Polina Kuznetsova ma 'yar wasa ce, kuma tare suka ci zinariya. Tsawonta bai kai mita 1 da santimita 70 ba, alhali wurin da take tsayawa a fili wuri ne da aka saba ajiye zaratan mata masu tsawo, waɗanda za su yi tsalle su jefa ƙwallo ta saman kan masu tsaro. Ita ba ta bi ta sama. Takan yi kamar za ta bi dama, mai tsaro ta karkata, sai ta sulale ta hagu. Kafin a juyo ƙwallo na cikin raga, ko kuma ta miƙa wa wata da ba wanda ya lura da ita.

Ga wanda bai san wasan ba, domin mun lura a nan garin wasu na rikita shi da ƙwallon raga, bari mu ɗan yi bayani. Kowane ɓangare mutum bakwai ne, shida da mai tsaron gida. Filin mita 40 ne a tsaye, 20 a kwance. Raga mita 3 faɗinta, 2 tsayinta, kuma akwai layi mai kama da rabin wata, mita 6 daga raga, wanda ba mai taka cikinsa sai mai tsaron gida. Ba a riƙe ƙwallo fiye da daƙiƙa uku, ba a yin taku fiye da uku da ita a hannu. Ana yin minti 30, a huta, a ƙara 30. Dalilin da ya sa ake neman bahago ruwa a jallo shi ne, wanda ya tsaya a gefen dama na fili, in da hannun dama yake jifa, hannun nasa na can wajen layi, raga ta tsuke masa. Bahago kuwa hannunsa na ta ciki, raga a buɗe take gabansa. Mu da muka taso ana bugun hannun yaro in ya ɗauki alƙalami da hagu, sai mu ji wannan mu yi shiru.

A 2016, tana da shekara 21, aka yi wasannin Olamfik a Riyo ta ƙasar Barazil. 'Yan matan Rasha suka buga wasa takwas ba su faɗi ko ɗaya ba. A wasan kusa da ƙarshe suka haɗu da Norwe, wadda ita ce ke riƙe da zinariyar 2008 da ta 2012, aka tashi kunnen doki, aka ƙara lokaci, Rasha ta tsira da 38 da 37. A wasan ƙarshe suka doke Faransa 22 da 19. Anna aka zaɓa gwanar gasar baki ɗaya. A 2018 a gasar ƙasashen Turai Rasha ta zo ta biyu, aka sake zaɓenta. A Olamfik na Tokiyo, wanda annobar korona ta sa aka ɗage zuwa 2021, Faransa ta rama, ta ci su 30 da 25 a wasan ƙarshe, amma duk da haka aka ce gwanar gasa ita ce dai wannan bahaguwa ta ɓangaren da aka kayar. Sau biyu ke nan a jere. Bayan Tokiyo ta ajiye wasa na wasu watanni saboda gajiya da raunuka, tana 'yar shekara 26 kacal.

Sa'an nan siyasa ta shigo. A 2022 Rasha ta shiga yaƙi da Yukuren, aka dakatar da ƙungiyoyinta daga gasannin duniya. Mace tana tsakiyar ƙarfinta, aka rufe mata ƙofar buga wa ƙasarta wasa. Ba mu kawo wannan don mu wanke masu mulkin ƙasarta ba. Mu da muka ga abin da bindiga ta yi wa Khartum tun 15 ga Afrilu 2023 ba za mu yi wa kowane mai tada yaƙi shaida ba. Abin da muke nunawa shi ne, manya kan ɗaura yaƙi, 'yan wasa da 'yan makaranta su biya. Ta bar kulob ɗinta na Rostob ta koma Norwe, wani kulob da ake kira Vipers a garin Kiristiyansan, ta ci kofin zakarun Turai da su a 2023 a birnin Budafest, gaban 'yan kallo fiye da 20,000, kuma a nan ma ita aka ba kambun gwana. A 2024 ta wuce Faransa, garin Brest. Shi kuwa kulob ɗin na Norwe, wanda ya ci kofin Turai sau uku a jere, 2021 da 2022 da 2023, a watan Janairu na 2025 ya karye, babu kuɗin biyan albashi, aka rufe shi. A tsaya a yi tunanin wannan: kulob ɗin da ya fi kowane a Turai shekara uku ya mutu don rashin kuɗin da bai kai albashin ɗan ƙwallon ƙafa guda na Ingila ba.

To, ga mace mai irin wannan tarihi, kuma malami mai takardar shaidar koyarwa, mai sauraren labarai safe da dare, ya ɗauke ta tatsuniya. Da yarinyar ta rubuta Mariya Sharapoba, da ba mu ja layi ba. Ita ma 'yar Rasha ce, ta ci gasar tanis ta Wimbildon a 2004 tana da shekara 17, ta ci manyan kofuna biyar a rayuwarta, ta shafe shekara goma sha ɗaya a jere tana kan gaba cikin mata 'yan wasa wajen samun kuɗi. Amma zinariyar Olamfik ba ta taɓa ci ba, azurfa ta samu a 2012. Har a gidajen kallo na nan garin, inda ba a taɓa ganin filin tanis ba, akwai masu sanin sunanta. Ba mu ce ba ta cancanta ba. Muna tambaya ne: me ya raba su?

Mu a ganinmu amsar tana nan gida, a cikin al'adarmu. Duk Bahaushen da ya san dambe ya san Shago. Shin a zamanin Shago babu wasu 'yan dambe masu ƙarfin hannu kamarsa a ƙauyukan Sakkwato da Zamfara? Akwai mana. Amma Shago ya samu Ɗan Anace. Waƙar ta shiga rediyo, ta shiga kaset, ta bi direbobi da alhazai har ta iso bakin kogin Atbara, inda jikokin mutanen da suka baro ƙasar Hausa da ƙafa kan hanyar Makka ke jin ta suna kaɗa kai, alhali ba su taɓa ganin Shago ba. Haka Yakuba Kantu na Maraɗi: shi ya ci takobin kokowa na farko a Tawa a 1975, kuma da yake gwamnatin Nijar ta mai da kokowa bikin ƙasa, da rediyo da maroƙa da gwamnoni, sunansa bai ɓace ba. Ƙarfi daban, makaɗi daban. Makaɗin wannan zamani shi ne talabijin da kamfanonin talla, kuma shi ba ya bin wanda ya fi iyawa, yana bin inda kuɗi suke. Tanis ana kallonsa a Amurka da Ingila, ana bayaninsa da Turanci. Ƙwallon hannu kuwa gidansa Jamus da Denmak da Norwe da Hangare da Faransa, Ingila da Amurka ba su damu da shi ba, don haka kafofin da muke sha daga gare su ba su kawo mana shi. Ƙari a kan haka wasan taro ne, yabo a raba shi bakwai. Ƙari kuma na mata ne.

Ko a cikin gidan nasu ma rabon suna ba ya tafiya daidai da aiki. Kambun gwanar duniya na shekara da hukumar wasan ke bayarwa, a 2016 Kiristina Neagu ta Romaniya aka ba, a 2021 kuma Sandra Toft ta Denmak, wato duka shekarun biyu da Anna ta zama gwanar Olamfik. Akwai kuma wadda ta riga su duka, Zinaida Turchina, mai zinariyar 1976 da 1980 da tagullar 1988, wadda aka zaɓa a 2000 a matsayin macen da ta fi kowa a wannan wasa cikin ƙarni na ashirin. Yawanci akan kira ta 'yar Rasha saboda rigar Tarayyar Sobiyet da ta sa, alhali mutuniyar Kiyef ce, babban birnin Yukuren. Ka ga ita sunan ya tsira, garin ne aka sace mata.

Amma duk wannan bai ba mu kunya ba kamar abin da muka tarar da muka ci gaba da tono. Ashe muna da namu. A 1991, a Alkahira, nan maƙwabta, 'yan matan Nijeriya suka ci kofin ƙwallon hannu na Afirka. Da wannan nasara suka wakilci nahiyar baki ɗaya a Olamfik na Barsalona a 1992, inda ƙasashe takwas ne kawai suka samu shiga ɓangaren mata. Aka haɗa su rukuni ɗaya da Jamus da Amurka da kuma ƙungiyar haɗin gwiwar ƙasashen tsohuwar Sobiyet, wato iyayen gidan su Anna. Ba su ci wasa ko ɗaya ba, na takwas suka zo. Koriya ta Kudu ta ɗauki zinariya, Norwe azurfa, tsofaffin 'yan Sobiyet tagulla. Wani zai ce ai na ƙarshe suka zo, me za a tuna? Mu kuwa muna cewa na takwas a duniya ba na ƙarshe ba ne. Tun daga ranar ƙungiyar matan Nijeriya ba ta sake taka filin ƙwallon hannu na Olamfik ba.

Mun gwada wannan labari a rumfar da muke zama bayan la'asar, inda akwai masu iya jera maka 'yan wasan Hilal da Marikh tun na zamanin da Sudan ta ci kofin Afirka a 1970, akwai kuma masu lissafa maka 'yan ƙwallon Nijeriya na Atlanta 1996 har da na benci. Babu wanda ya taɓa jin labarin 'yan matan Alkahira. Wani dattijo ya tuna 'yan gudun ba-ni-in-ba-ka na Barsalona, su Mary Onyali, da suka ci tagulla suka yi ta tsalle da murna, domin su kyamara ta kama su. Da muka ambaci Chioma Ajunwa, wadda ta ci wa Nijeriya zinariyar dogon tsalle a Atlanta kwana guda kafin 'yan ƙwallo su ci tasu, mutum biyu ne suka ce sun taɓa ji. Sunayen 'yan ƙwallon hannu na 1992 suna nan a rubuce cikin kundin Olamfik, amma ba su a bakin kowa. Ba su samu Ɗan Anace ba.

A kwatanta da Angola. Matan Angola sun fara cin kofin Afirka a 1989, suka riƙe shi ba fashi daga 1998 har 2012, kuma daga 1996 zuwa 2024 ba a yi Olamfik babu su ba. A Riyo sun kai zagayen 'yan takwas, inda Rasha ɗin nan ta su Anna ta fitar da su 31 da 27, da kyar. Ba wani asiri ba ne. Manyan kulob biyu na Luwanda, ɗaya kamfanin man fetur na ƙasa ne a bayansa, ɗaya rundunar soja, suna ɗaukar yara mata tun suna ƙanana, suna biyan masu koyarwa. Haka Rasha ta gaji makarantun wasanni na yara daga zamanin Sobiyet. Nijeriya ta kai inda Angola ta kai a lokaci guda, ɗaya ta ci gaba da ban ruwa, ɗaya ta bar shuka ga damina.

Yanzu mu dawo Showak, don ba mu ɗauko alƙalami domin mu yi wa Baturiya roƙo ba. Ita ba ta san muna yi ba. Yarinyar nan da ta rubuta insha'i ta yi wasan ƙwallon hannu a makarantarsu ta Madani, tana sa ran shiga gasar makarantu ta ƙasa, wadda mu ma a zamaninmu muka yi ta mafarkinta. Yaƙi ya zo, makarantu suka rufe, da yawa suka zama masaukin 'yan gudun hijira, namu ma ba su tsira ba. Da aka sake buɗewa, kowa hankalinsa na kan cike giɓin karatu, kuma da gaskiyarsu. Darasin motsa jiki yana nan a jadawali, amma a aikace ya zama lokacin shara ko ƙarin lissafi. Samari ba su da asara, ko'ina suka ga fili sai su kafa duwatsu biyu. 'Yan mata kuwa daga aji sai gida, sai ɗiban ruwa, in kaka ta yi sai gonar riɗi. Gaɗar ma da iyayenmu mata suka yi a dandali da farin wata ta ja baya. Yara ne da suka ji ƙarar harsashi, wasu sun yi tafiyar kwanaki a bayan babbar mota. Mun ga yadda suke zama shiru a aji, irin shirun da ba na ladabi ba.

Mun san abin da wasu iyaye za su ce, kuma ba mu raina shi ba: sutura da cuɗanya. To makarantar 'yan mata ce mai katanga, malama mace ce za ta tsaya a kansu, kuma dogon wando da riga mai hannu da ɗankwali ba su hana jifa. Wani abin mamaki, su kansu Turawan rigimar sutura suke yi ta wata fuska: a 2021 an ci tarar 'yan matan Norwe masu ƙwallon hannu na bakin teku Yuro 1,500 don sun ƙi sa ɗan kamfai sun sa gajeren wando, aka yi ta surutu har aka sauya dokar. Kuma duk wanda ya zauna gaban malami ya san labarin tseren gudu da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi da Nana A'isha. Ga masu cewa wasan maza ne aka ara wa mata, su sani dokokin farko da Max Heiser ya rubuta a Balin a 1917 don mata ya rubuta su; daga baya ne aka gyara wa maza.

Kada kuma a ce mu a jihar Gadarif ba mu saba ganin mace a fagen wasa ba. Salma al-Majidi, macen farko a ƙasashen Larabawa da ta horar da ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta maza, a 2018 kulob ɗin Ahli na Gadarif take koyarwa, maza suna gudu in ta busa usur. A watan Satumba na 2019 aka buɗe gasar ƙwallon ƙafa ta mata a Khartum. Sama ba ta faɗo ba.

Dalilin da ya sa muka ce ƙwallon hannu, ba wani wasa ba, lissafi ne na talaka. Ƙwallon ƙafa na son fili mai tsawon mita 100 da takalma. Ƙwallon kwando na son daɓen siminti da ƙarafa. Wannan kuwa ƙasa mai laushi ta ishe shi, da itace shida na raga biyu, da farar ƙasa ta jan layi, da ƙwallo guda. Mun ɗauki igiya mun auna bayan azuzuwanmu: tsawo ya kai, faɗi ya gaza da kamar taku uku saboda wata bishiyar darbejiya da ba za mu yarda a sare ba. Yara ne, sai a tsuke layi.

Shugabar makaranta ta amince a ba da sa'ar ƙarshe ta ranar Alhamis, da sharaɗin kowace yarinya ta kawo izinin mahaifi ko waliyyi a rubuce. Wata malamar kimiyya ta ce za ta tsaya, yarinyar Madani kuma za ta nuna musu dokoki, tunda duk makarantar ita kaɗai ta taɓa bugawa. Wani kafinta cikin iyayen yara ya ɗauki alkawarin raga in an kawo masa katako. Abin da ya rage shi ne katakon da ƙwallo. Ƙwallon mata ita ce mai lamba 2, wadda kewayenta santimita 54 zuwa 56 ne. Mun zaga kasuwar nan ba mu gani ba, duk na ƙafa ne. Saboda haka muna roƙon direbobinmu masu zuwa Gadarif da Kasala, da 'yan uwa da ke Fot Sudan, duk wanda ya ci karo da ita ya aiko ta ofishin wannan jarida da sunan wannan fili, za mu biya kuɗinta daga aljihunmu.

Maki ukun nan kuwa mun mayar mata, a gaban 'yan aji, muka kuma ce ta tashi ta karanta insha'in da ƙarfi. Da ta kai wurin da ta ce Anna bahaguwa ce, wata ƙaramar yarinya a layin baya, wadda muka sha yi wa faɗa kan rubutu da hagu, ta ɗaga hannu ta tambaya ko ita ma za a sa sunanta ranar Alhamis. Mun sa.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.